Ramin da ya kai ƙirjina

Ranar kasuwa suka iso, su biyu, a motar da ke tasowa daga Madawa ta biyo ta Buza. Ƙanwata ce ta fara sauka, tana faɗa da direba a kan buhunta da wani ya taka. Bayanta sai yarinyar, da jaka a baya, ta yi tsawo fiye da yadda na bar ta. Ina tsaye a bakin zaure. Da na hange ta sai na koma cikin gida na kama shara, ko da yake na riga na share tsakar gidan tun safe.

Ba zan rubuta sunanta a nan ba, don ban taɓa faɗinsa da bakina ba. Ɗiyata ce ta fari. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Haka na tarar, haka uwata ta yi wa babban wanmu, kuma ban taɓa jin wani ya ce abin da nauyi ba. Da aka yaye ta aka kai ta ɗakin uwata. Da uwata ta rasu, ƙanwata da ta yi aure a Madawa ta ɗauke ta, ta sa ta lakkol, wato makarantar boko. Ita take kira Inna. Ni kuwa Yaya take ce mini, don abin da ta ji ƙanwata na faɗa ke nan.

Ta shigo ta durƙusa daga nesa.

"Yaya, ina wuni? Mun same ku lahiya?"

Na amsa wa tsintsiyar. Na ce lafiya lau, a shiga a sha ruwa.

Karatun injiniya take yi, na gina hanyoyi da tare ruwa, kuma ta kai shekarar ƙarshe. Sai washegari na gane abin da ya kawo ta ƙauye. Ina daka a gindin bishiyar aduwa, su suna kan tabarma ɗaya, ƙanwata na yi mata kitso, ita kuma ta baza takardu a cinyarta. Kafin ɗalibi ya fara babban rubutun ƙarshen karatu, wanda suke kira memuwar, sai ya rubuta wata 'yar takarda mai shafi kaɗan, ya faɗi abin da yake son bincikawa, malaminsa ya yarda. Tata an maido mata sau biyu. Saura kwana tara ta sake miƙawa. In aka maido ta uku, sai ta jira wata shekara.

"Ta farko na ce zan duba yadda za a gyara barajojin Adar, madatsun ruwan nan," in ji yarinyar. "Mushe, malamin namu, ya ɗauki jan bik ya rubuta kalma guda: wanne?"

"To ki ce mishi duka! Akwai wanda bai lalace ba?"

"Inna, wata huɗu gare ni. Ta biyu na ce zan nuna siminti ya fi ragar waya. Ya ce wanga amsa ce, wa ya gaya mini? Shi tambaya yake so."

"Wane irin malami ne wanga da ba ya son amsa? Ni a lakkol ɗinmu amsa anka buge mu a kanta."

Yarinyar ta yi dariya har takarda ta faɗi. Ta ce wuri guda yake so, da matsala guda wadda ido ke gani. Sannan ta faɗi abin da take zato ne ya kawo matsalar, ta faɗi yadda za ta auna ta gane ko zatonta gaskiya ne, da kayan da za ta yi awon da su, da makon da za ta yi kowane aiki. Ko zaton ya fito ƙarya, in dai awon ya yi kyau, aiki ya yi.

Ƙanwata ta ce ta ɗaga kai, kitso na karkacewa. Ni kuwa na gane maganar sarai. A ajin yaƙi da jahilci malamarmu ta taɓa maido mini kayena, littafin rubutuna, don na rubuta "gona ta yi kyau". Ta ce wace gona, wace damina, me ya fito? Na so in faɗi wannan. Na ƙara hatsi a turmi.

Wurin da ta zaɓa shi ne katangarmu. A ƙasan garinmu akwai ƙorama mai saukowa daga dabagi, wato tudun duwatsu, kuma an tare ta da katangar duwatsu da aka jera a cikin ragar waya. Ita ke rage wa ruwa gudu har ya zauna ya shiga ƙasa, rijiyoyin lambu su samu, a yi albasa da rani. Amma duk damina biyu ko uku sai gefenta na yamma ya zube. A gyara, ya sake zubewa. Wasu su ce waya ce ta yi tsatsa, wasu su ce makiyaya ke kwance ta.

"Inna, kuna nan lokacin da anka gina ta?"

"Ina nan mana! Mu munka gina ta. Kin ga kanmu? Dutse ya cinye gashin tsakiya."

Taɓarya ta tsaya a hannuna. Shekarar ƙanwata tara a lokacin. Abin da ta ɗauka a ka shi ne ƙwaryar fura da take kawo mana da azahar, kuma rabinta a hanya take shanyewa. Ni ce na yi rani biyu a wurin, ina budurwa, daga fitowar rana har la'asar. Mazan gari sun tafi ci-rani, mata ne suka yi aikin. Muna tsinto dutse a kan dabagi, mota ta sauko da shi, mu jera. Farcen babban yatsana na hagu a can ya fita, har yau bai dawo daidai ba.

Ba ƙarya take nufin yi ba, na san ƙanwata. In tana ba da labari shiga cikinsa take yi gaba ɗaya, har ta manta gefen da ta tsaya. Ta kwaikwayi muryar shugaban aikin, ta rera waƙar da muke yi in mota ta iso, ta faɗi yadda wata ta gudu ta bar zane saboda kunama. Yarinyar na rubutawa a kaye, tana kallon bakinta. Kallon nan ne ya tsaya mini a rai. Kwana uku ina ganinsa. In na kawo tuwo, sai a ce sannu Yaya, a jira in fita a ci gaba. Na lura har cin abincinsu iri ɗaya ne, dukansu suna ture kuɓewa gefe da yatsa. Na nemi abu ɗaya nawa a jikinta, ban samu ba sai kunnuwa.

Na san abin da ke zubar da katangar. Ba ni kaɗai na sani ba, amma waɗanda muka shiga ramin tare, biyu sun rasu, ɗaya tana aure can wajen Tama. Kafin a jera dutse sai an haƙa tushe har a kai ƙasa mai tauri. Ta gabas mun same ta tun a gwiwa. Ta yamma muka yi ta haƙa, yashi ne kawai, mai sanyi, yana zubowa yana rufe ƙafafunmu. Wata tsohuwa da ke wucewa ta leƙo ta ce ai nan tsohuwar rijiya ce, ta kakanninsu, ambaliya ta cike ta. Muka gaya wa shugaban aikin. Ya dubi gabas, hadari ya fara haɗuwa a kwanakin, ya ce a zuba dutse haka nan. Ruwan ba ta sama yake karya katangar ba. Ta ƙarƙashi yake bi, yana jan yashin kaɗan-kaɗan, har dutsen ya rasa abin da zai zauna a kai.

A rana ta huɗu yarinyar ta daina dariya. Labaran Inna sun cika kaye, amma babu abin da za a auna a cikinsu. Na ga ta zauna da takardar, ta rubuta layi, ta soke. Furar da na ajiye mata ta tsinke ba ta taɓa ba.

Da safe, muna wanke hatsi ni da ƙanwata, na gaya mata. Na faɗa a hankali, ina kallon ƙwarya: tsohuwar rijiya, yashin, hadarin, abin da shugaban aikin ya ce.

"To ki gaya mata mana, ga ta can."

"Ke dai ki faɗa mata."

"Yaya, shekara ashirin kina aikena wajen ɗiyar da ke gabanki. Ko kuɗin mota ba ki taɓa ba ni ba."

Ta share hannu a zane ta tafi. Ina jin su ta bayan danga. Ta faɗa da kyau, har ta fi ni iya faɗa, ta ƙara da cewa tsohuwar tana da sanda mai kan azurfa, abin da ban san inda ta samo shi ba. Ba ta ce ni na gaya mata ba. Ba ta kuma ce ita ta gani ba. Ta dai fara da "munka haƙa".

Sai na ji ihu. Yarinyar ta rungume ta har suka faɗi kan tabarma.

"Inna! Shi ne wanga! Ruwa ta ƙasa yake bi! Kin cece ni, wallahi kin cece ni. Mi ya sa ba ki faɗi ba tun shekaranjiya?"

"Tsufa, ɗiyata. Sai da na kwana ya dawo mini."

Na zubar da ruwan wankin a kan ƙafata ban sani ba. Ni na aike ta, ba ta saci komai ba. Duk da haka ranar ban iya haɗiye tuwo ba. Da la'asar yarinyar ta karanta mata abin da ta rubuta, tana juya shi daga Faransanci: matsalar ita ce gefen yamma na katanga kaza yana zubewa, zaton shi ne an ɗora shi a kan yashin tsohuwar rijiya, kuma an samu labarin daga bakin wata mata da ta haƙa tushen da hannunta. Ƙanwata ta gyara ɗaurin kallabi. Na shiga ɗaki na jera kwanonin da suke a jere.

Saura abu ɗaya. Yarinyar ta ce malamin ba zai karɓi labari kawai ba, sai ta nuna a taswira daidai inda za ta haƙa ramukan gwaji, kuma gara ta tabbatar da wurin kafin ta rubuta. Ta aro dogon ƙarfe wajen maƙeri, irin na rodi, da guduma. In an buga shi a ƙasa mai tauri zai tsaya, in yashi ne zai shige.

Muka tafi da hantsi. Ba a gayyace ni ba, amma dole wani ya ɗauki ruwan sha, sai na ɗauka. Masu lambu suna ban ruwa, cikinsu har da wan mijina, dattijo mai kiyaye al'ada. Da suka ga mace da guduma suka bar guga suka matso.

Wurin ya sauya. Gyare-gyaren da aka yi ta yi sun tura duwatsu ko'ina, yashi ya hau, ƙoramar ma ta ci gaɓarta ta faɗaɗa. Ƙanwata ta tsaya ta riƙe ƙugu, ta duba dama da hagu, ta nuna wani wuri da ƙafa.

"Nan ne. Kamar yau nike ganinshi."

Ba nan ba ne. Ta kauce da taki fiye da goma. Na sani, don akwai wani baƙin dutse a gaɓa, mai tsaga a tsakiya, inda muke rataya zannuwanmu, kuma ramin yana daidai gabansa in ka juya wa dabagi baya.

Yarinyar ta kafa ƙarfen ta buga. Ya shiga kamar taƙi biyu ya tsaya, yana ƙara. Ta matsa inda Inna ta sake nunawa. Ya tsaya. Wani cikin masu lambu ya ce ko a kira maƙerin ya zo ya ga abin da ake yi wa gudumarsa. Aka yi dariya.

A nan ne zan faɗi abin da ya sa na ɗauki bik na rubuta wannan. Na yi shiru a rami na farko saboda kunya, ga wan mijina a tsaye. A na biyu ba kunya ba ce. Daɗi nake ji. Ina kallon ƙanwata tana juye-juye, murya na raguwa, kallabi ya zame, wani abu a cikina yana cewa bari ta ɗanɗana. Na bar ɗiyata ta buga na uku a cikin rana, tafin hannunta ya tashi, don kawai in ga ƙanwata ta rasa abin faɗa sau ɗaya a rayuwarta.

Bayan na ukun yarinyar ta ajiye gudumar. Ta zauna a kan katangar, ta buɗe kayen, ta dubi shafin da ta rubuta jiya, ta sa bik a kan layin farko za ta soke. Ta cije leɓenta na ƙasa ta gefen hagu. Haka nake yi. Uwata ta sha dukan bakina a kan haka.

Na ɗauki tulun ruwan na taka zuwa gaban baƙin dutsen, na juya wa dabagi baya, na ƙirga taki huɗu, na ajiye shi. Na dubi ƙanwata na ce, "A ce wa mai takarda ta gwada nan."

Ƙanwata ta buɗe baki za ta maimaita, sai ta rufe. Ta ce, "Ta ji ki. Ba kurma ba ce."

Yarinyar ta zo ta kawar da tulun, ta kafa ƙarfen. Bugu biyu, a na uku ya zurma da kansa har ta kusa faɗuwa a kansa. Masu lambu suka yi salati. Da ta zaro shi, bakinsa da jiƙaƙƙen yashi, a tsakiyar rani.

Ta dube ni. Na dubi tulu.

"Yaya, ku kunka haƙa shi?"

"Ni fura nike kawo musu," in ji ƙanwata. "Ita ta shiga ramin. Ni ko leƙawa ba a bari in yi, wai zan faɗa."

Wan mijina ya yi gyaran murya, ya ce albasarsa na jiran ruwa, ya juya. Sauran suka bi shi. Har yau ban sani ba ko fushi ya yi ko wuri ya ba ni, kuma bai taɓa tayar da maganar ba.

"Zurfinshi nawa, lokacin da anka ce ku bari?" in ji yarinyar.

Ban san shi da lamba ba. Na ɗora hannu a ƙirjina, daidai inda bakin ramin yake taɓa ni in na jingina in huta.

"Kun ƙara tsawo tun lokacin?"

"A'a. Sai dai in na rage."

Ta zaro igiyar awo daga jaka. Ta durƙusa a gabana, ta sa bakin igiyar a ƙasa kusa da ɗan yatsana, ta ce in taka. Na taka. Ta miƙe tana jan ta a jikina har inda hannuna yake, ta ɗora yatsunta a kan nawa don ta riƙe wurin. Hannunta da zafi, ga ƙurjin guduma. Tun ranar da aka ɗauke ta daga bayana aka kai ta ɗakin uwata, jikinta bai taɓa nawa ba sai ranar. Ta karanta lambar, ta sake karantawa, ta rubuta.

Daga nan tambayoyi suka biyo baya, ni take yi wa. Faɗin ramin, launin yashin, ko mun ga duwatsun bakin rijiyar, ta wane gefe ruwa ya fara fitowa a daminar farko. Na amsa duka ina kallon ƙasa. Ƙanwata ta zauna a inuwa tana fifita da gefen mayafi, tana cewa a yi sauri, ita ba a gina ta da dutse ba. A hanyar komawa su biyu suka jera a gaba kamar kullum, ni a baya da tulu.

Kwana biyu ta yi tana rubutu. Ta zana katangar, ta sa alama a wuri biyar da za ta haƙa, uku a kan rijiyar, biyu a gabas don a gwada da su. Ta raba wata huɗun mako-mako. Ranar kasuwa suka hau mota.

Malamin ya karɓa. Innarta yarinyar ta kira ta gaya wa, ba ni ba, kuma ƙanwata ce ta kira wayar maƙwabciyata tana guɗa har muryarta na fashewa. Na ce Alhamdu lillahi, na miƙa wayar. Na ji abin nan ya taso mini kamar dā, bai ragu ba ko kaɗan. Ina jin ba zai ragu ba. Ƙanwata ce ta yi jinyar ƙyandarta, ita ta raka ta jarrabawa, ba abin da zan auna in kai wannan.

Amma ranar da za su tafi na tarar da takardar a kan gadona, shafi shida, an ɗora mata maficina don kada iska ta ɗauka. Faransanci ne, ba na karanta shi. Na bi layi-layi da yatsa har shafi na uku, inda na ga lambar da na ji ta faɗa a bakin ƙorama: mita ɗaya da santi goma sha takwas. Lamba kam na iya karantawa. Na sa takardar a cikin kayena na yaƙi da jahilci, a ƙasan akwati.

Za ta dawo haƙa ramukan bayan an cire albasa. Ta aiko Innarta ta tambaya ko Yaya za ta samu sukunin zuwa ta tsaya a wurin, don kada a sake kaucewa. Na ce a gaya mata zan duba.